Bayan an naɗe tabarmi



Mun san abin da aka saba karantawa a wannan takarda: nawa aka zuba, nawa aka ranta, wace ƙungiya ta fasa asusu, wace ce ta sayi injin niƙa. Yau mu matan wata ƙungiya ta nan Gure mun roƙi fili don wata magana da ba ta shiga kaye, amma tana zaune tare da mu kowace Laraba in mun taru. Maganar baƙin ciki ce. Mu 27 ne a ƙungiyar, akwai Hausawa, akwai Barebari, akwai Fulani biyu, kuma a cikinmu duka babu wadda ba a taɓa zuwa gidanta gaisuwar mutuwa ba. Wata miji, wata uwa, mafi yawa ƴaƴa. Saboda haka ba labarin wasu za mu ba ku ba.

Kowa ya san yadda ake yi in an yi rashi. Kafin a kai gawa gida ya cika. Maza a ƙofar gida, mata a ciki, an aro tabarmi daga maƙwabta, an ɗora manyan tukwane. Kwana uku ana shiga ana fita. Wasu gidajen su yi sadakar uku su tashi, wasu su ƙara da ta bakwai da ta arba'in. Wannan gardamar malamai ce, ba mu shigarta. Abin da muke son ku lura da shi, a waɗannan kwanaki wadda aka yi wa rashin ba ta ma samu sukunin jin abin da ya same ta ba. Tana amsa gaisuwa, tana tunanin ko furar ta isa, tana kula ko an ba baƙin da suka zo daga Gidigir wurin kwana. Jikinta na nan, bakinta na cewa “da godiya”, ita kuwa kamar wadda aka buga wa taɓarya a ka.

Sai ranar da aka naɗe tabarmi aka mayar wa masu su. Dangi sun hau mota, maƙwabta sun koma ga sana'arsu, tsakar gida ta yi faɗi. To, a ranar ne baƙin yake sallama, kuma ya tarar da ita ita kaɗai.

Kuma ba ya zuwa da ganga. Ta ƙananan abubuwa yake shigowa. Wata daga cikinmu ta ce bayan rasuwar maigidanta ta fi wata biyu tana auna hatsi yadda ta saba, sai ta kwashe tuwo ta ga malmala ta yi saura sannan ta tuna. Kai ya ji labari, hannu bai ji ba. Wata ta ce ita ƙarar babur ce: duk magariba in wani ya rage gudu a ƙofar gidansu sai ta miƙe tsaye. Wata kuma, wadda ƙyanda ta ɗauke wa yarinya, ta ce duk shekara lafiya lau take har azumi ya raba tsakiya, ranar da za ta kai ɗinkin salla tela ya tambaye ta na yara nawa ne. Shekara shida ke nan, har yanzu sai ta ƙirga da ita sannan ta cire. Akwai mai lambar mamaci a salula, ba ta kira, ba ta gogewa. Akwai wadda ba ta bin hanyar lakwal da tsakar rana, lokacin da yara ke tashi. In ba kin zauna da mace kin daɗe ba, ba za ki san waɗannan ba, don a fuska ba ta rasa komai.

Mu kuwa me muke ce mata? “Ya haƙuri?” Ta ce “da godiya.” “Sai haƙuri.” Magana ce mai kyau, iyayenmu suka bar mana, kuma ba mu da wadda ta fi ta a ranar da baki ya rasa abin faɗi. Amma a bakin mutane da yawa haƙuri ya koma yana nufin shiru. In mace ta yi hawaye a wata na uku sai ka ji ana cewa wance ba ta da tawakkali. In ta ambaci sunan mamacin sau biyu a zama ɗaya sai a canza magana, wai kada a tayar mata da hankali, alhali hankalin a tashe yake tun kafin ta zo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne. Amma cikin ma yana da iyaka.

Mun tambayi malamar da ke koya mana karatu da yamma, ta ce abin da addini ya hana sananne ne: kururuwa, yaga tufafi, marin fuska, da furta maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Hawaye ba ya ciki. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗanshi Ibrahim ya rasu yana ƙarami a Madina, sahabbai suna gani. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har suna aka sa mata a tarihi, shekarar baƙin ciki. Shekara fa aka ce, ba a ce kwana uku ba. To wace ce mu da za mu ce wa ƴar uwarmu ta cika kuka?

Inda abin ya fi nauyi shi ne wajen uwa. Matar da mijinta ya rasu, addini ya ba ta takaba, wata 4 da kwana 10, ko kuma har ta haihu in tana da ciki. Kowa ya san halin da take ciki, ko ba komai shigarta ta nuna. Uwar da ta rasa ɗa kuwa, bayan kwana uku ta koma daka da ɗiban ruwa. In ɗan fari ne ma, sai kara ta hau kanta. Yana raye ba ta kiran sunanshi, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ya mutu kuma ana kallon idonta a ga ko za ta ji kunya. Fulanin cikinmu sun ce a wajensu abin ya ma fi tsanani. Wata dattijuwa a ƙungiyarmu, ta haura sittin, ta ce ita a bayan rumbu ta yi kukan ɗanta na fari, da dare, zane a baki don kada uwar mijinta ta ji. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai bana.

Balle jariri. In ya rasu kafin suna ko jim kaɗan bayan suna, ba a ma cewa ya mutu, sai a ce ya koma. A ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo mai tsayawa, shi ke nan an gama. Ita kuwa nono na mata zogi, ruwan wankan jego na kan wuta. Wata tara ta ɗauka, ta san motsinshi tun kowa bai san da shi ba. In abin ya maimaitu sai a ce mai wabi ce, har wasu matan su riƙa janye ƴaƴansu daga jikinta. Ku duba sunayen da kakanninmu ke sa wa ƴan wabi, Ajuji, Ayashe, Barmani. A fili kamar ba a damu da yaron ba, a jefar a juji, a yashe. Duk uwa ta san tsoro ne da roƙo. Waɗannan matan ba su sami inda za su ajiye baƙin cikinsu ba, sai suka ajiye shi a cikin suna.

Akwai kuma rashin da ba a shimfiɗa wa tabarma ko ta kwana ɗaya, don ba a ga gawa ba. Mu da ke jihar Damagaram mun san shi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Waɗannan an gan su, an binne su a can. Nawa ne suka bi ta Agadas da Dirku za su Libiya, aka ji muryarsu sau ɗaya ko sau biyu a waya, daga nan ɗif? A watan Fabrairu na 2015, da aka kai hari Boso da Difa, mun ga motoci shaƙe da mutane da katifu suna wucewa ta kan kwaltar nan za su Damagaram, wasu sun sauka a nan wajen dangi. A cikinsu akwai matan da har yau ba su san inda mazansu ko ƴaƴansu suke ba.

Irin wannan mace ba ta takaba, ba ta kuma da miji a ɗaki. Ba a ce mata ya haƙuri, don ba a san ko an mutu ba. In ta yi kwalliya a yi da ita, in ta bari a ce ta yi wa mijinta fatan mutuwa. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, matar wanda ya ɓace tana kai maganarta gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi idda. Mata da yawa ba su san da wannan ba, sai su zauna shekara goma suna jira. Ita ma uwar wanda ya ɓace haka. Annabi Yaƙuba ba a nuna mashi gawa ba, riga aka kawo mashi, ya yi ta kuka har idanunshi suka tafi, kuma annabi ne. Muna da mata biyu a ƙungiyarmu da ke cikin wannan hali. Ɗaya ta ce da a ce mata ga kabarinshi can, da ta fi samun barci.

Ba mutum kaɗai ake kuka a kai ba. Waɗanda suka ga 2010, shekarar da dabbobi suka yi ta faɗuwa a arewa wajen Tasker don rashin ciyawa, sun ga dattawa suna hawaye a gaban mushe. Ba a yi masu gaisuwa ba. Haka wadda rairayi ya cinye wa gona a kwari, dabinon da kakanta ya dasa ya nutse har wuya. Wannan dai mun ambata ne kawai mu wuce.

Jiki magayi. Abin da baki ya ƙi faɗi, jiki zai faɗa. Sai ka ga mace ta rame, ba barci, kai na sara, ƙirji ya yi nauyi, ta sa gishiri sau biyu a miya, ta manta inda ta ajiye kuɗin zubi. A ce iska ce, a ce sammu ne, a sayar da akuya a kai wa mai magani. Wani lokaci baƙin ciki ne tsagwaronshi. Mafi yawan mutane, da tafiyar watanni abin yana sassautawa da kanshi. Ba ya fita, amma yana barin mutum ya ci ya sha ya yi dariya. Wasu kuwa ba ya sassauta masu. Hukumar lafiya ta duniya, wadda muke ji a rediyo ana ce wa OMS, ta sa irin wannan a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022: baƙin cikin rashi da ya wuce wata 6 yana nan da zafinshi, ya zarce abin da aka saba a al'adar wurin, har ya hana mutum harkokinshi. In kun ga ƴar uwa ta daina wanka, ta daina kula da yara, ko ta fara cewa gara ta bi shi, wannan ya wuce a ce mata sai haƙuri. A raka ta likita, a auna jininta, a gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ya faru. Addu'a na tafiya, magani na tafiya.

To ina ruwan asusu da duk wannan? Mu a ganinmu ruwanshi ne tsundum. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, har ya bazu ya iso mana, abin da aka fi yabo shi ne akwati mai kwaɗo uku da kuɗin da ke ciki. Amma akwai wani abu da ƙungiya ke da shi wanda dangi ba su da shi, maƙwabta ma ba su da shi: mu duk mako muke dawowa. Ƴan gaisuwa sau ɗaya suke zuwa. Mu Laraba ba ta fashi. Ku ƙirga takaba, wajen kwana 130 ne, zama 18 ke nan har da ɗori. Sau 18 akwati zai buɗe ya rufe ba ta wurin. Ko dai a bar lambarta a kaye ana rubuta “ba ta zo ba”, ko kuma a yi wani abu.

Ga abin da muka tsayar a namu zaman, ba don mun fi kowa dubara ba. Mai takaba ba ta biyan tarar rashin zuwa, wadda a wajenmu dala 10 ce. Uwar da ta rasa ɗa, ko jariri ne, ko ɓari ta yi, ita ma an ɗauke mata har zama shida, in ta ga dama ta zo kafin nan bismilla. Duk Laraba in an tashi, mata biyu su biya ta gidanta, bi da bi, yadda kowa zai samu zuwa. Ba wa'azi za su kai mata ba. Su gaya mata abin da aka yi a zama, su karɓi zubinta in tana da shi, su taya ta tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa. In ta ɗauko maganar mamacin su bar ta ta yi, ko da sun ji labarin sau biyar. In ta yi shiru su ma su yi shiru, ba dole sai an cika ɗaki da magana ba.

Sai kuɗin taimako. Kowace tana zuba dala 5 a mako ban da zubinta na dala 50, in an yi wa mace rashi a ba ta jika 10. Mun lura in aka miƙa su gaba ɗaya ranar farko, cikin tukunyar baƙi suke ƙarewa, shinkafa da sukari da goro. Ranar nan kuwa kowa na kawowa. Yunwa sai wata na biyu take zuwa, lokacin da mai takaba ba ta fita kasuwa, ba ta soya ƙuli-ƙuli, rumbu kuma an rufe ana jiran rabon gado. Shi ma gadon kada a dogara da shi: matar da mijinta ya bar ƴaƴa tumuni ne nata, kashi ɗaya cikin takwas, in su uku ne su raba wannan tumunin uku. Saboda haka yanzu jika 4 muke ba da wa ranar farko, sauran jika 6 mu auno hatsi, jika 2 duk wata har wata uku. Wasu sun yi ƙorafi, sun ce za a ce ƙungiyarmu ta yi rowa a gidan mutuwa. A ce ɗin.

Wani abu kuma, in ta fita takaba ta nemi rance, ba a hana ta don ana tsoron ba mai tsaya mata. Ba a kuma tura mata rance don tausayi alhali hankalinta bai dawo ba, ta karɓa ya narke a hannunta ya zame mata wani ciwon. A nan sai an zauna da ita an ji me za ta yi da shi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan wadda muke ciki yanzu. Da bazarar nan mutuwa ta shigo cikin da'irar kanta. Ɗaya daga cikinmu ta rasu wajen haihuwa, an ɗauke ta za a kai ta Damagaram, tafiyar wajen kilomita 170, ba ta kai ba. Ita ce lamba 14. Har yau in mai rubutu tana kiran lamba, ta ce sha uku, sai ta ɗan tsaya kafin ta ce sha biyar, mu duka kuma mu sunkuyar da kai. Ba wadda ta zauna a gurbinta kusa da randa. Ba mu yi shawara a kan haka ba, haka nan dai aka bar wurin.

Ta rasu da rancen jika 25, jarin man gyaɗa. Zubinta ya kai jika 9, saura jika 16. Kun san kafin a sallaci gawa ana cigiyar masu bin bashi, kuma a shari'a sai an biya bashi sannan a raba gado. Abin da ta bari akuya biyu ne, da gado da katifa, da yara huɗu. A safiyar nan shugabarmu ta aika wa liman cewa matan asusu sun sauke mata wannan bashi daga wuyanta, sun ɗauka a nasu. A kan wannan ba a samu ko mutum ɗaya da ta ja ba. Ba mai son a ce ƴar uwarta na kwance da kuɗinta a kanta.

Inda muka rabu shi ne yadda za a cike gurbin. Wasu sun ce a raba asarar daidai ranar fasa asusu, kowace ta rasa wajen dala 120, a wuce wurin. Wasu sun ce ba daidai ba ne mai zubi ɗaya ta ɗauki nauyi ɗaya da mai zubi uku, a raba gwargwadon abin da kowa ta tara. Ma'ajiyarmu kuwa, wadda ita ma ta yi takaba har sau biyu, ta fi kowa tsauri. Ta ce tausayi daban, akwati daban. In babu doka a rubuce, ranar da mai rancen jika 100 ta faɗi, asusun ne zai mutu tare da ita, kuma marayun da ake tausayi su ne za su fara shan wahala. Ita so take a ƙara dala 5 a kan kuɗin taimako, a ware su musamman don bashin wadda ta rasu. Masu ƙaramin ƙarfi sun ce dala 55 ɗin ma da ƙyar suke haɗawa. Zama uku ke nan muna kai muna kawowa, sau ɗaya har an yi hawaye, kuma mun san ba don dala 120 ba ne.

Asusunmu bayan kaka za mu fasa shi, kuma kafin ranar dole mu tsayar da magana ɗaya. Mun tabbata ba mu ne farau ba. Ƴan uwa na Gidigir, na Kelle, na Bune da sauran ƙungiyoyin cikin gari, in irin wannan ta taɓa samunku, ku aiko da yadda kuka yi ta hannun mai kawo takardar nan, ko a rubuce ko da baki. Muna son jin wa ya biya, da me aka rubuta a doka daga baya, da kuma abin da kuka yi da zubin mamaciyar: an cire shi a bashin, ko an miƙa wa yaranta?

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari.